Man Jarirai a Fuskar Amarya

Duk wanda ya zauna a garin Wete, a tsibirin Pemba, ya san gidan Bi Shemsa, ko bai san ƙofar ba ya san ƙamshin. Tun daga bakin lungu hancinka zai gaya maka ka iso: kanumfari, sandal, furen wardi, man kwakwar da aka turara. Gyaran amare ne sana'arta, wurin kakarta ta gaje ta. Tun tana 'yar mitsitsiya take zama gefen dutsen niƙa tana miƙa furanni, har hannunta ya zo ya fi na tsohuwar. Idan ta kwaɓa singo, haɗin nan na kanumfari da furanni da ake murza wa amarya daga goshi har tafin ƙafa, yarinya sai ta fito tana sheƙi, uwar da ta haife ta ma sai ta sake kallonta. Ga ta da baki. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, in ta yi dariya a gida ana ji a kasuwar kifi, kuma ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, don ko an kayar ba ta yarda.

Sai da ta haura arba'in fuskarta ta fara yi mata tawaye. Da fari ɗan ƙaiƙayi ne a gefen hanci. Daga nan kumatu suka yi rudu-rudu, fatar ido ta kumbura suntum, goshi yana saɓa kamar bayan rogo. In rana ta taɓa wurin, sai ka ce barkono aka watsa mata.

Mu kuwa mutanen Pemba, Allah ya shirye mu, ba mu san maganin da babu kanumfari a ciki ba. Haƙori, kanumfari. Ciwon ciki, kanumfari. Ciwon baya, kanumfari. Man da ba ya ƙamshi kuwa a wurinmu na suyar kifi ne. Saboda haka maƙwabta suka yi ta zuwa da taimako. Wannan ta kawo man kanumfari tsantsa, waccan ta kawo ruwan wardi, wata ta kawo wani mai a kwalba mai ruwan zinariya da ɗanta ya aiko daga Maskat, in ka buɗe shi kajin gida ma sai sun waiwayo. Bi Shemsa ta yi ta godiya tana shafawa, fuska tana ta ƙara tashi.

Sannu a hankali iyayen amare suka ɗauke ƙafa. Ba wadda ta faɗa mata a gaban ido, amma a kasuwa ana cewa, wa zai kai 'yarsa gyara wurin wadda ta kasa gyara tata fuskar? Ta koma jan mayafi har kan hanci. Dariyar nan ta ɗauke ɗif. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta ɓoye ba.

Amma duk ba wannan ne ya fi cin ranta ba, maganar Ghanima ce. Ghanima 'yar aminiyarta Maua ce, wadda ta rasu yarinyar tana firamare. A gadon jinya Maua ta riƙe hannunta ta ce, “Shemsa, ni dai ba zan ga bikinta ba. Ke za ki gyara min ita.” Yanzu ga Ghanima ta girma, malamar makaranta ce, ta zaɓi mijinta da kanta, wani Kombo mai gyaran injin jirgin ruwa, an kuma sa biki bayan Babbar Sallah. Ragamar bikin tana hannun gwaggonta, yayar mahaifinta, Bi Tatu, doguwar mace wadda ba a taɓa ganin ta ba tare da hoda dam a fuska ba.

Bi Tatu da kanta ta zo, ta ƙi ko zama.

“Shemsa, ba ƙin ki nake ba, Allah ya sani. Amma ki dubi madubi. Da wannan fuskar za ki taɓa min 'ya? In abin ɗauka ne fa?”

“Yaya Tatu, alkawari na yi wa mamaciya.”

“Mamaciya ba ta ga fuskarki ba.”

Ta juya ta fita. Bi Shemsa, mai bakin nan, ta bi ta da kallo har ƙofa. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka har da shessheƙa.

Mijinta Makame, manomin kanumfari ne, mutum mai sanyin hali wanda tun aurensu bai taɓa gama jimla ba, sai ta katse shi. Ranar ya gama. Ya ce, “Kukan ya isa. Gobe ki shirya, asibitin Chake za mu.”

A can suka sami wata nas, 'yar siririya mai ƙaramar murya. Ta duba fuskar da kyau, ta ce, “Mama, me da me kike shafawa?”

Bi Shemsa ta fara jerowa. Ta yi ta jerowa har nas ɗin ta ajiye biro ta riƙe haɓa.

“Mama, wannan fuska ce ko tukunyar miya?”

Makame ya tuntsire da dariya, ta harare shi ya haɗiye sauran.

Nas ta ba ta maganin da zai kwantar da kumburin, ta ce abin ba ya yaɗuwa, fatar ce kawai ba ta son a takura mata. Ta daina shafa komai, ruwa kaɗai. In wurin ya lafa, duk man da take son gwadawa kada ta kai shi fuska, ta ɗiga kaɗan a bayan kunne ta bar shi ya kwana biyu, ta ga abin da zai yi. Ɗaya bayan ɗaya, ban da haɗawa.

“Kuma ki nemi wanda ba launi, ba tarkace, ba ƙamshi.”

“Ba ƙamshi? 'Yar nan, daga wane gari aka kawo ki?”

“Daga Mkoani, Mama. Ni ma a kan tabarmar shanyar kanumfari na yi rarrafe.”

Ai kuwa bayan kunnen Bi Shemsa ya zama kotu. Ta jera kwalabe a kan taga, kullum da wanda ake gurfanarwa. Makame in ya dawo daga gona, kafin ya ajiye adda zai ce, “Uwargida, yau wa ke gaban alƙali?” Ruwan wardi ya shiga, ya faɗi. Man kwakwa mai turare ya shiga, ya faɗi. Na Maskat kuwa ko wuni bai yi ba ta ruga ta wanke shi tana yi wa kwalbar Allah ya isa. Har wani da mai shago ya rantse mata na masu laushin fata ne, da ta shinshina ta ji lemun tsami a ciki, ta dai gwada, shi ma kunne ya kore shi.

Da gangan ta bar singo ya zama na ƙarshe, don zuciyarta ta riga ta gaya mata. Ta ɗiga, washegari wurin ya tashi fiye da na kowanne. Haɗin kakarta, abin da ya ciyar da ita ya yi mata suna, shi ne babban mai laifi. Tafin hannunta ya saba da shi, amma tana cikin murza amarya takan share gumi, ta sosa hanci, ta gyara ɗankwali. Ranar ba ta ci abinci ba, ko shinkafa da romon kwakwar da take so ba ta kalla ba. Da gari ya waye ta tashi ta ce, “To, an ji. Sana'a dai ba zan bari ba. Hannu zai yi aikinsa, fuska ta zauna lafiya, ba ruwan wani da wani.”

Saura man da za ta shafa, don fuskar ta bushe ƙamas tana ja. A kemis ta hango shi can ƙasan kanta, cikin farar roba marar ko zane: farin mai mai kauri, irin wanda ake shafa wa jarirai in kunzugu ya goge su. Ta buɗe ta shinshina, ba ta ji komai ba. Ta waiga hagu da dama ta ce wa mai kemis, “Na jikata ne.” Shi kuwa ya san ba ta da jika, amma mutumin kirki ne, ya ƙunshe mata.

Kunne bai ce uffan ba. Ta ƙara, shiru. Ta kai shi kumatu tana addu'a, shiru. Sai ga saɓar tana raguwa, ido ya sace, fata ta kwanta lumui. Ba dare ɗaya abin ya faru ba, sai da watan azumi ya shiga ya fita. Amma ranar da ta yaye mayafi ta taka zuwa gidan Bi Tatu, da gangan ta bi ta tsakiyar kasuwar kifi, tana gaishe da kowa da sunansa.

Bi Tatu ta ƙare mata kallo, sama da ƙasa, har da matsowa. Ta taɓe baki ta ce, “To. A kawo miki ita.”

Da a nan labarin ya tsaya, da Bi Shemsa ta huta. Amma da Ghanima ta zauna a gabanta ta cire ɗankwali, sai idonta ya sauka a gefen hancin yarinyar: ɗan bushewa, ɗan saɓa, daidai inda nata ya fara.

“'Yata, sabulu mai ƙamshi yana yi miki zafi?”

“Sosai, Inna. Har ruwan wardi. Shiru kawai nake yi, kada a ce na cika iyayi.”

Bi Shemsa ta ɗiga singo a bayan kunnen hagu, farin mai a bayan na dama, ta ce ta je ta dawo. Da ta dawo, na hagun ya yi suntum yana ruwa.

Ranar da za a fara gyara, tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarma, ana jiran a ji ƙamshin singo. Sai Bi Shemsa ta fito da garin shinkafa da madarar kwakwa sabuwar tatsa a ƙwarya, da farar robar nan. Wata mai goyo ta gane robar, ta fashe da dariya. Kafin ka ce me, magana ta kai kunnen Bi Tatu.

“Me nake ji? Man ɗuwawun jarirai a fuskar amarya? Shemsa, ciwon ya bar fuska ya koma kai ne?”

“Yaya Tatu, fatarta irin tawa ce. Singo zai ƙone ta.”

“Ni an murza min, uwata an murza mata, kakata an murza mata, ba wadda ta ƙone! Amarya ba singo? So kike dangin ango su ce daga kicin muka ɗauko ta? In ba za ki yi ba ki faɗa, masu gyara ba su ƙare a garin nan ba.”

Bi Shemsa ta dubi Ghanima. Ga abin da ta yi watanni tana nema a hannunta, kuma kalma ɗaya za ta raba ta da shi. Ga singo nan a ɗaka, in ta ɗauko shi kowa zai yaba, sai dai ranar biki a kai wa ango irin fuskar da ita kanta ta yi ta ɓoyewa a mayafi. Ta ajiye ƙwaryar, ta riƙe ƙugu.

“Alkawarin gyara ta na yi wa Maua, ban yi na ɓata ta ba. Ki kai ta inda kike so, amma ba da hannuna ba.”

Sai Ghanima ta miƙe, ita da ba a san ta da musu da manya ba, ta janye mayafi, ta juya wa gwaggonta kunnen hagu, ta juya mata na dama.

“Gwaggo, don Allah ki duba. Wanne a ciki kike so in kai wa Kombo?”

Mata suka yi caa, kowa na leƙe. Wata tsohuwa ta ce, “Kai, wannan na hagun ai ko kuɗi aka haɗa masa da shi sai ya dawo da ita!” Dariya ta ɓarke. Bi Tatu ta daɗe tana kallon kunnen nan mai ruwa, fuskarta ta canza. Can ta ce, “Ƙamshin fa?”

“Bar min ƙamshi, Yaya. Ni da ƙamshi ba yau muka saba ba.”

Kuma ta cika. Jikin amarya garin shinkafa da madarar kwakwa, fuska farin mai safe da yamma. Ƙamshin duk ta mayar da shi kan kaya: zannuwa suka sha turaren wuta har ya kama zare, aka ɗaura mata damin furen yasmin a kafaɗar riga, aka jera wasu a kitso. Ranar biki da la'asar, da aka zaunar da Ghanima a kan kujerar amarya aka yaye lulluɓi, guɗa ta tashi har tantabarun kan rufi suka watse. Fuska sumul, ba ko ƙurji ɗaya, ƙamshi kuwa tun daga titi. Dangin ango suna ta tambaya, wane irin singo ne wannan? Bi Shemsa ta shiga fili ta taka rawa har ɗankwali ya faɗi, dariyarta ta dawo da ƙarfinta, hawaye na zuba ba ta ko share ba. A hankali ta ce, “Maua, ga ta nan. Na cika.”

Tun daga lokacin amare suka dawo, har daga Konde ake kawo su. Singo yana nan, tana kwaɓa shi ga wadda fatarta ta karɓa, da tsumma ɗaure a goshi don gumi. Amma ba wadda za ta hau tabarmarta sai an fara jin ta bakin kunne. Yanzu a Wete in ka ji an ce an kai wance a duba mata kunne, to ka fara tanadin kayan biki.

Bayan bikin da 'yan kwanaki, da hantsi, Bi Shemsa tana kankare kwakwa sai ta ji sallama. Bi Tatu ce, ita kaɗai. Wannan karon ta zauna. Ta roƙi ruwa a kofi, ta jiƙa bakin mayafinta, ta goge hodar nan da ba wanda ya taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta. Kumatun duk tabo ne, tsoho da sabo, wani wurin har ya tsage.

“Tun ranar da aka murza min nawa singon,” in ji ta, ba ta ɗago ido ba. “Ban taɓa faɗa wa kowa ba.”

Bi Shemsa tana da maganganu da yawa da ta tanada wa matar nan, kuma kowa ya san ba ta iya haɗiye magana. Ranar ta haɗiye. Ta wanke hannu tas, ta shiga ɗaki ta ɗauko farar robar, ta jawo kujera kusa.

“Juyo min kunnen, Yaya.”