Sarƙar Babur ɗin Hamidu Mai Allurar Shanu

Hamidu mai allurar shanu ɗan wata ruga ce a gabashin 'Yankuzo. A bayan garken mahaifinsa ya tashi, kuma da ba don farin da aka yi a shekarar saba'in da uku ba, da a nan zai tsufa. Shekarar nan shanu sittin da wani abu suka dawo huɗu, huɗun ma mahauta suka tafi da su. Mahaifin bai daɗe ba bayan haka. Kawunsa Manu, wanda ke zaune da nasa garken can bayan Ruwan Ɓore, shi ya riƙe su har damina ta sauka.

Daga nan Hamidu ya shigo Gusau da matarsa Dije. Ya sami aikin riƙe shanu a ofishin dabbobi, in za a yi musu allura. Babban ma'aikacin ofishin, Malam Usman, ya lura saniya ba ta yi wa hannun Hamidu gardama, kuma ya ɗan iya karatun boko daga ajin yaƙi da jahilci. Sai ya koya masa riƙe sirinji. A saba'in da shida aka ba shi babur na ofis, aka ce daga Tsafe har Bunguɗu duk rugar da ke tsakani tasa ce.

Babur ɗin ba shi da laifi sai sarƙa. Tana da murfin kwano da ya rufe ta, amma murfin ya sha faɗuwa ya lanƙwashe, rairayi na shiga ta ƙasa ya kasa fita. In ya haɗu da baƙin mai sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙar daga ciki. Hamidu ya kan wanke ta duk Asabar, ya dafa ta a giris cikin tsohon gwangwani. Duk da haka ba ta cika wata uku sai ta saki. A aljihunsa kullum akwai ƙusa da filaya da gaɓoɓin tsohuwar sarƙa, don bai san inda za ta yashe shi ba.

Bazarar saba'in da takwas, wata Litinin, Manu ya iso ofis a ƙasa, ƙafafunsa fari fat. Bai ko zauna ba.

"Hamidu, ciwon huhu ya shigo muna. Wasu baƙin shanu sun sha ruwa a tafkinmu, yau kwana ashirin. Bakwai sun kwanta a garken Tambaya, tawa guda tana tari. Mutane sun ce Juma'a za su tashi, kowa ya kama gabanshi."

Hamidu ya san abin da tashin nan ke nufi. In suka watse da cutar a jikin shanu, duk mashayar da suka bi sai ta ɗauka. Allurar ba ta warkar da wadda ta kamu, amma tana tsare masu lafiya, in an yi ta da wuri. Ita kuwa allurar huhu rai gare ta. A firjin kananzir take kwana, a fulas mai ƙanƙara take tafiya, zafi ya taɓa ta ta mutu. Kwali biyu suka rage a ofis, kuma ba a sa ran wasu sai wata mai zuwa. A ranar Manu ya juya ruga don ya ce a tara shanu.

Talata da sassafe ya ɗaure fulas a baya ya kama hanya. Bai yi nisa da barin titi ba sarƙa ta tsinke. Ya cire murfi, ya ɗora gaɓa da ƙusa da dutse, ya ci gaba. Da hantsi ta sake tsinkewa a cikin wani busasshen rafi, wannan karon ta yi tsalle ta shige rairayi, sai da ya yi ta tono da hannu kafin ya tattaro ta. Gaɓoɓin aljihu suka ƙare. Ya tura babur cikin rana, ba inuwa sai ta aduwa nan da can. Bai isa rugar ba sai bayan la'asar.

Da ya buɗe fulas, ruwa ya tarar, mai ɗumi kamar na wankan jariri. Kwalaben suna yawo a ciki.

Makiyaya sun riga sun tara shanu tun safe, sun hana su kiwo. Maza sun tsaya da igiyoyi, mata da ƙwarya a ka suna kallo daga nesa. Hamidu ya tsuguna gaban fulas ya daɗe. Ba wanda ya san bambancin allura mai rai da matacciya a wurin nan sai shi. In ya soka musu ita, za su gode, su ba shi nono, su fasa tashi. Har ya ɗauko sirinji ya goge. Sai ya tuna cewa duk saniyar da aka ce allura ta tsare ta, ba a ƙara raba ta da marar lafiya.

Ya miƙe ya ce, "Jama'a, maganin ga ya mutu a hanya. In na yi muku shi, ruwa na soka."

Tambaya, wanda shanunsa suka fara kwanciya, ya buga sanda a ƙasa. "Wuni guda shanunmu ba su ci ba saboda kai. Ruwa ka kawo muna? Ruwa muna da shi a tafki, shi ya kashe mu!"

"Ku ba ni zuwa azahar ɗin Juma'a. Akwai saura kwali guda."

"Da wanga abu za ka kawo shi?" Tambaya ya nuna babur da bakin sanda. Wasu suka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Sai da aka watse Manu ya ce, "Ni zan jira ka. Amma ba ni iya riƙe kowa."

Laraba ta ƙare a hanya. Jaki ya ja babur zuwa bakin titi, motar hatsi ta kawo shi Gusau. Malam Usman ya saurare shi, ya cire tabarau ya murza ido.

"Hamidu, kwalin nan shi ke nan. Motar ofis tana Sakkwato. In wannan ma ya lalace, ban san abin da zan faɗa wa kowa ba."

"Ranka ya daɗe, ko a ka ne zan kai shi."

"A ka ƙanƙara ba ta kaiwa."

Alhamis da safe ya tura babur rumfar Rabi'u bakanike, kusa da tashar mota. Rabi'u mutum ne mai son magana, amma da ya ga fuskar Hamidu sai ya taƙaita. Ya shiga ciki ya fito da sarƙa uku, ya shimfiɗa su a kan buhu.

"Wagga irin taka ce, sabuwa. Ka san ta, ta san ka. Tana tsinkewa, amma ko a daji kana ɗora ta da ƙusa."

Sauran biyun sun fi kauri. Rabi'u ya lanƙwasa ɗaya a rana don Hamidu ya gani. A kowace gaɓa, hagu da dama, akwai ɗan zoben baƙar roba, bai kai ƙwayar wake ba.

"Daga baburan Turawan da ke aikin madatsar ruwa wajen Mafara na same su. Tun daga masana'anta an ɗura giris a cikin kowace gaɓa, an rufe da robar ga. Mai ba ya fita, rairayi ba ya shiga. Amma su ma ba ɗaya suke ba. Riƙe wagga."

Ta farko a cikin biyun ta ɗan yi aiki. Tana da makullin da ake ɓallewa da filaya, ana cire ta a mai da ita cikin sauƙi. Sai dai da Hamidu ya bi ta da yatsa, ya ji wasu gaɓoɓin sun ƙage, ba sa lanƙwasuwa. Ya duba da kyau, robobin wurin sun kumbura sun tsage.

"Wani ya wanke ta da fetur," in ji Rabi'u. "Fetur shina cin robar. Inda ta tsage ruwa ya shiga, tsatsa ta kama ciki, kuma ba hanyar da za ka sa mata mai. Daga waje ta fi taka kyau. Daga ciki Allah kaɗai ya sani."

Ta biyun sabuwa ce, giris ɗinta fari, robarta na sheƙi. Ba ta da makulli. In an ɗaura ta, doke kan ƙusar ake da guduma ta mutu a wurin.

"Wagga ban ga rairayin da zai tsinke ta ba. Amma ka ji sauran. In ta tsinke ɗin, ƙusa da dutse ba su yi maka komai. Tana da nauyi, injinka zai ji ta. Sai na canza maka faifan haƙora gaba da baya. Kuma ta fi ƙarfin murfinka, ba ta shiga, tsirara za ka tafi da ita."

Hamidu ya ɗauki ta farko ya ajiye, ya ɗauki ta biyu ya ajiye. Irin tasa ta da ɗin ya san mugun halinta, amma ya san maganinsa. Mai makulli tana ba shi mafita in ta lalace, amma ƙila ta riga ta lalace. Marar makullin kuwa ba ja da baya. Ya ji kamar ana tambayarsa ta wace hanya yake so ya ji kunya.

"Malam Rabi'u, da kai ne?"

"Da ni ne da ban je ba. Amma tunda ƙanƙara kake tsere da ita, ba ka da lokacin ɗori. Ɗauki marar makulli. Ni ma so nike in ga iyakarta."

Wunin ranar suka yi a kanta, da walda da huda da guduma. Da ya koma gida Dije ta ga babur ba murfi, ta ce, "Malam, abin nan haƙoransa a waje." Ya ce kwana ɗaya ne.

Juma'a ya fita da fitowar rana. Babur ya yi nauyin tashi, amma sarƙar ba ta ko ƙara. Ya wuce inda ta fara tsinkewa ranar Talata. Ya wuce gonaki, ya wuce wata ƙaramar kasuwa da ba a fara ci ba. Har ya fara lissafin zai isa kafin a gama tatsa.

A rafin nan ne rairayi ya kama tayar baya. Ya sauke ƙafafu yana taimaka wa babur, yana ba shi wuta. Ƙafar hagu ta zame baya, bakin wandonsa ya shiga sarƙa, sarƙa ta ja wando da takalmi da ƙafa gaba ɗaya zuwa faifan haƙora. Da ta da ce, da ta goce ko ta tsinke. Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. Injin ne ya mutu.

Sai da ya juya tayar baya da hannu kafin ƙafar ta fito. Yatsu biyu na gefe sun tafi, jini na sauka rairayi na shanyewa. Ya yi ihu, ba kowa. Ya yi salati. Ya zuba aidin na shanu a kai, duhu ya rufe masa ido na ɗan lokaci. Da ya farfaɗo ya yage rawaninsa ya ɗaure tam. Fulas na nan a tsaye, ƙanƙara na ƙara a ciki in ya motsa babur. Ya san ƙwayar ƙanƙara ɗaya a kan ƙafar za ta rage masa wutar nan. Ya ɗora hannu a kan murfin fulas, ya daɗe, ya janye.

Da ƙafar hagu ake sa giya. Ya sa ta biyu da hannu, ya tayar da injin da ƙafar dama, ya bar ta a nan har rugar, injin na kuka, shi ma yana yi.

Rana ta kusa tsaka da ya iso. Rabin bukkokin an kwashe su, sai da'irar toka da kashin shanu. Tambaya da gidaje biyar sun tashi tun da asuba, sun yi yamma. Manu da sauran suna nan. Da Manu ya ga rawanin ja jawur a ƙafa ya ce a kwantar da shi.

"Kawu, in na haɗa maganin ga, awa guda gare shi. Ku kawo su ɗaya-ɗaya. Ba ni sandarka."

A tsaye ya yi, ƙafa ɗaya a ƙasa, sanda a hammata. Ana kawo saniya, ya kama fatar wuya ya soka, a ja ta a kawo wata. Sau biyu ya faɗi aka ɗaga shi. Ya yi ɗari da tamanin da wani abu kafin hannunsa ya ƙi rufuwa a kan sirinji. Sauran goma sha biyu Manu ya riƙe masa hannu suka soka tare.

A kan wani bijimin sa aka kai shi bakin titi. Ya yi wata ɗaya a asibitin Gusau, aka ƙara yanke masa yatsa na uku da ya ruɓe. A cikin shanun da ya yi wa allura tara suka mutu, waɗanda cutar ta riga ta shiga. Na Tambaya kuwa labarinsu ya zo daga wajen Bunguɗu: sun zube a hanya, sun kuma bar wa rugage biyu abin da suka ɗauko. Hamidu bai taɓa ƙirga ranar nan a cikin nasarorinsa ba. In an yaba masa sai ya ce da ya isa ranar Talata da ba wanda ya tashi.

Malam Usman ya so ya mai da shi sito, ya zauna yana ba da magani. Hamidu ya roƙi a bar shi da daji. Rabi'u ya ƙera masa murfi mai faɗi daga gwangwanin kananzir, ya kuma ɗora wa sandar giya wani ƙarfe ta baya. Da damina ta kankama, mutanen unguwarsu suka yi kwana uku suna kallonsa a filin makarantar firamare, yana zagaye a hankali, yana koyon sa giya da diddige. Rana ta huɗu ya ɗaure fulas ya nufi Tsafe.