Wanda Ya Riƙa Amsa Mini Gaisuwa

Da aka sallamo ni daga asibiti bayan korona, likita ya gargaɗe ni kan hawan bene da doguwar tafiya. Bai ambaci gaisuwa ba, alhali ita ce ta fi ba ni wuya.

Na zauna a Abidjan, inda kalma biyu ta ishe ka da maƙwabci. A Khartum ana ɗan ja, amma sai a dafa kafaɗa a wuce. A Daura kuwa sai an tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da ruwa, da jiki, a sake komawa kan gajiya. Ni ko da na fara amsawa sai ƙirji ya riƙe kamar an aza mini buhun gero. Don haka na koma ɗaga hannu da murmushi.

Matata Hajiya ce ta kawo mini abin da ake faɗa a unguwa: wai Alhaji ya ga duniya, ya fi ƙarfin gaisuwar talaka. Wannan ya fi mini tarin ciwo. Na so in yi bayani, amma bayanin ya fi gaisuwar tsawo. Masu zuwa zaurena suka yi ta raguwa, har tsohon telan da muke sahu ɗaya a masallaci ya koma wucewa ta ɗaya gefen titi.

Ana haka sai ga taubashina daga Sandamu, dillalin shanu. Ya jero gaisuwa, na ɗaga hannu, ya tsura wa ƙirjina ido.

"To, malamin yare. Ina Faransancin? Ina Larabcin? Yau 'lafiya lau' ma ta gagara?"

Na nuna ƙirji.

"Na gani. Haka sa yake haki in an koro shi daga garin Babban Mutum a ƙasa. Matsa. A kasuwar kara ma mai dabba ba ya magana, dillali ne bakinsa."

Ya zauna gefena a tabarma. Da tela ya zo wucewa ya ƙwala masa kira, dole ya tsallako ya durƙusa.

"Alhaji, ina gajiya?"

"Ya ce ba gajiya," in ji taubashina.

"Yaya jiki?"

"Ya ce da sauƙi. Huhun ne dai ya tsufa, ko kyauta ba mai karɓa."

Dariya ta kama ni, tari ya biyo baya, na daɗe kafin in samu iska. Tela yana kallo har na lafa, sannan ya ce:

"Ashe haka abin yake, Alhaji? Allah ya ƙara sauƙi."

Bakin shagon tela kuwa ya fi rediyo kai labari. Kafin Juma'a takalma sun sake cika ƙofar zaure.

Har yanzu hakin bai sake ni duka ba. Amma tela kan leƙo da safe ya ce, "Ina gajiya? Ba gajiya. Iyali? Lafiya lau." Shi ke tambaya, shi ke amsawa. Nawa gyaɗa kai ne, sai in ajiye numfashina don "Madalla" ta ƙarshe.