Littattafan Karusa na Baba Umaru

Ina bakin shagona a Gidan Igwai bayan La'asar Nasiru ya kira ni, ya ce Baba Umaru ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Nasiru babban ɗansa ne. Ni maƙwabci ne kawai, wanda ya bar makaranta da wuri, ya ƙarasa karatu a zauren tsohon.

Baba Umaru mai zanen taswira ne a ma'aikatar gwamnati. Yana saurayi aka tura shi karatu Bulgeriya, ya shiga cikin masu tona wani tudu. Ashe kabarin Tirakiyawa ne, wata al'umma da ta zauna a ƙasar a zamanin da. Sun binne babbansu tare da karusarsa, dawakai ɗaure a gabanta. Shi ya zana komai a littattafansa: ƙafafun karusar, linzami, har haƙoran dawakin. Kowane shafi da Bismillah yake buɗe shi.

Bai taɓa hana ni littafi ba, sai dai ya sa ni wanke hannu. Ran da na ce mutanen nan wawaye ne, wa ya taɓa hawa doki a kabari, sai ya dube ni. "Bakinka ya hi hankalinka gudu. Tsoron tahiyar sunka ji, kamar kowa. Mu gaya muna anka yi, ba wayonmu ba na."

A gaban Nasiru ya ce littattafan nawa ne bayan ransa. Nasiru ya ce ya ji.

Bayan addu'ar bakwai na je karɓa.

"Mun ƙone su," in ji Nasiru.

"Kun yi mi?"

"Zanen kaburburan arna na, ga malamai na shigowa gaisuwa. Mai tsire munka so mu ba ya naɗe nama da su, sai munka ga sunan Allah bisa kowane shahi. Ka san ba a yada shi."

"To ni hwa, Yaya? Hannuna juji na?"

Ya juya ya koma wajen masu gaisuwa.

Da takardun banza suka ɗauke su, da na bi masu tsiren unguwa ɗaya bayan ɗaya na kwaso su, ko da maiƙo. Wai girmamawa ce ta cinye su. Wasiyyar mamaci kuwa ba ta samu ko rabin wannan girman ba.

Allah Ya jiƙan Baba Umaru, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Inna da dukan iyalinsa haƙurin rashi. Nasiru ma ina sa shi a addu'a, don Baba zai so haka. Baki ne ke yi tukuna. Allah Ya sa zuciyar ta biyo baya.