Dawar Iya a Gindin Fitila

Idan aka ce Abuja, gilasai da kwalta mutane suke tunawa. Tamu Abujar, wato sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro, buhu ce da tampol da tsohon kwano. Ɗakinmu kuwa, idan ka yi atishawa a ciki maƙwabci ne zai fara jiƙewa, idan ka miƙe ƙafa ka shuri tukunyar wasu. A ƙofar ɗakin nan kakata, Iya Asabe, take hura wuta bayan isha'i. Itace ba ya samuwa, sai guntayen katakon da muke tsintowa a wuraren gini, masu hayaƙi kamar tsohuwar bas ɗin Masaka. Mu yara mu kewaye ta, idanu na hawaye, sauro na karɓar rabonsa. Sauron Kuchigoro da kansa yake ɗaga maka riga kafin ya ciza.

Daga gidanmu na gindin duwatsun Borno mu uku muka fito da rai: Iya, da yayata Ladi, da ni. Ni kaɗai ne namiji, don haka "maigida" Iya take ce mini.

"Maigida, ba cefane, ba sabulu, sai baki kamar rediyo. Zauna ko in kai ka gaban alƙali."

"Ki kai ni. Wa zai kwashe ki ba haƙori?"

Sai ta kai mini duka da mafici, ta gyara murya. "Ga ta nan tafe, ku ba ta hanya."

Mu yara mu amsa, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa."

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta garin da ya ɗaure Dare. Wai Dare baƙo ne mai zuwa kullum da baƙin bargonsa. Ran nan kuraye suka ɓuya a cikin bargon, suka shigo gari suka kwashe yara. Mutane suka fusata, suka kama Dare, suka cusa shi a tulu, suka liƙe bakin da laka. Rana ta tsaya cak a tsakiyar sama. Da damina ta zo hatsi ya yi ta tsawo har ya tokare gajimare, amma ko zangarniya ɗaya bai fitar ba, domin Dare ne ungozomar hatsi, shi ke zuwa ya karɓi haihuwa ba wanda ya gani.

A nan nake faɗuwa ƙasa ina shure-shure. "Wawaye. Su fasa tulun mana. Ni da dutse ɗaya na gama aikin."

Iya sai ta ce, "Suka zauna cikin haske suna cin ganye. Ku tashi, wuta ta mutu." Ladi ce ta raɗa mini cewa a gida tatsuniyar tana da ci gaba, wata yarinya ce take fasa tulun. Tun daren da aka shigo ƙauyenmu Iya ta daina kaiwa wurin.

A daren nan ko takalmi Iya ba ta ɗauka ba. Abin da ta fito da shi ƙullin irin dawa ne a bakin zani, wata ja da ake kira 'yar dutse, wadda mutanenmu suka gada kaka da kakanni. Da labari ya bazu a sansani, tsofaffi suka riƙa zuwa a kwance musu ƙullin su gani. Wani ya sansana ya yi kuka. Rumbunan an ƙone su, kuma duk wanda aka tambaya ya ce bai fito da ko ƙwaya ba.

Sai wata ƙungiya ta kafa mana fitilar sola a kan dogon ƙarfe, dab da ɗakinmu, a hanyar banɗakin mata. Wanda aka taɓa kai wa hari cikin duhu shi ya san daɗin haske. Mutane har shafa ƙarfen suke yi. Iya ta raba irinta biyu, ta shuka rabi kewaye da fitilar, don ta riƙa ganinsa daga ƙofa har asuba, ba akuya ba ɓarawo. Dawa ta fito, ta wuce ni, ta wuce rufin ɗaki, ta fara gaisawa da jiragen da ke sauka. Damina ta ƙare, ba ciki ba zangarniya.

"Ƙasar Abuja ce," in ji Iya. "Irin mutanenta, ga tsawo ga kwalliya, ba abin kirki a kai."

Ba wanda ya haɗa lamarin da tatsuniyar Dare, har Iya. Da wata daminar ta zo ta sa muka yi ta jidar kashin kaji, ta shuka sauran duka a wurin dai.

Ruwa ya fara ja baya ran da wata mata ta tsayar da mota ta shigo, da takalmin roba da wata 'yar na'ura a hannu. Ta ce sunanta Dakta Rifkatu, aikinta binciken tsirrai, tana bin gonakin da ke gindin fitilun Abuja don ta ga abin da haske yake yi musu. Daga titi ta hango karan. Ta durƙusa ta gai da Iya.

"Mama, sannu da aiki. Wannan fitilar kwana take yi a kunne?"

"Alhamdulillahi, 'yata, ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Dakta ta shafa wani ganye. Ta ce a cikin ganye akwai abu kamar ido, da shi tsiro yake auna tsawon dare. Irin wannan dawar ba ta ɗaukar ciki sai ta ji dare ya fara tsawo, wato damina ta kusa ƙarewa. A ɗakin bincikenta, in ji ta, idan ta kunna fitila na ɗan lokaci a tsakiyar dare, tsiron sai ya ɗauka har yanzu da sauran lokaci, ya ci gaba da yin ganye.

Na ce, "Ashe dawar ma ba a bar ta ta yi barci ba."

"Haka ne, yaro. Mama, akwai sauran iri?"

Iya ta nuna mata bakin zaninta, ba ƙulli.

Dakta ta ce idan aka kashe fitilar na wasu makonni, wataƙila a samu ko kaɗan. An gwada lulluɓe dawar da baƙar leda, iska ta yi filla-filla da ita. An gwada kare fitilar da kwano, amma dawar ta kewaye ƙarfen ta ko'ina, in ka rufe mata haske ka rufe wa hanya. Tsofaffi suka taru wurin ciyaman na sansani. Ya ce irin na Iya ne, abin da ta ce shi za a yi.

Da magariba Iya ta zauna a ƙofa ba ta hura wuta ba. 'Yan mata suna wucewa da butoci, har da Ladi. Kafin a kafa fitilar akwai abin da ya sami wata yarinya a hanyar nan, irin wanda manya ke yin shiru in mun matso.

Washegari Iya ta ce a bar fitilar a kunne.

"Mama, makonni kaɗan ne fa," in ji Dakta.

"'Yata, mu dare ɗaya ne ya cinye mu."

Dakta ta haƙa gindi biyu da ƙasarsu ta tafi da su ɗakinta mai duhu. Bayan wani lokaci ta dawo da kanta, ta durƙusa ta ce ba su kama ba. Iya ta yi mata godiya, ta sa mata albarka. Ragowar suka bushe a tsaye. Iya ta rasu kafin wata shukar.

Yanzu na kusa gama sakandare, kuma har gobe idan na buɗe baki abokaina rabin maganata suke ɗauka. Kwanaki malamin kimiyya ya zana ganye a allo yana bayanin haske da tsiro, na ce na san dawar da ta mutu da rashin barci, aji ya fashe da dariya. Na bar su. Na daɗe ina jin haushin Iya, ina cewa da dutse ɗaya na ceci irin kakanninmu. Amma ita ta fi kowa sanin inda tulun yake da abin da rufe shi zai ci mata. Mutanen garin nan da nake kira wawaye sun san hatsinsu ba zai haihu ba. Yaransu suka ƙirga, suka ga ba za su iya ba da ko ɗaya ba.