Sai Ki Dawo a Cire

Duk mai cin kasuwar Ɗambatta ya san daddawar Inna Falta. Kakanninta daga Barno suka zo, amma ita a nan ƙauye aka yanke mata cibiya, nan ta yi aure, nan ta rasa miji, da tukunyar kalwa kuma ta aurar da 'ya'yanta. Mace mai kazar-kazar, ba ta san kwanciya ba sai da ciwon ƙoda ya kayar da ita.

Malam Sha'aban, ma'aikacin ɗan asibitin garinsu, shi ke duba ta tun tana goyo, shi ya tura ta babban asibiti a Birni. Can aka yi mata aiki aka fitar da tsakuwa, aka bar wata siririyar roba a ciki don fitsari ya samu hanya. Robar nan in ta daɗe ba a zare ba, ƙodar take ci. Ranar sallama, likita yana tafe yana danna waya ya ce, "Inna, sai ki dawo a cire."

A cire me? Oho! Ita dai zaren ɗinki take gani a kwiɓinta. Ta ce ina dalilin wahalar mota, ta je Malam Sha'aban ya cire mata zaren tas. Shi kuwa ko kira ba wanda ya yi masa daga Birni, balle bayani.

Damina biyu tana fitsarin jini, tana dafe da kwiɓi a bakin murhu. Malam Sha'aban ya ba da maganin tsargiya, ya ba da na sanyi. Shi ma fa da nasa laifin, don bai taɓa ɗaga waya ya tambayi abin da aka yi mata ba. Tir da wannan aiki!

Da aka sake kai ta Birni, tsakuwa ta lulluɓe robar, ƙodar ta mutu, dole aka fitar da ita. Wani sabon likita har da faɗa: "Ku mutanen ƙauye ba kwa jin magana!" Wallahi abin ko kyan ji babu. Ita dai ta roƙa a sa mata robar a kwalba.

Ranar da ta dawo, kafin ta shiga gida, ta dire kwalbar a teburin Malam Sha'aban. Abu ya yi baƙi ƙirin, sai ƙarni.

"Malam, ga saƙonka daga likitocin Birni," in ji ta. "Shekara biyu yana cikina. Ba su samu ɗan aike ba sai ƙodata."