Kan Rake

Maigidana manomin rake ne a fadamar Maska, kuma tun ina amarya muke da wata al'ada da babu wanda ya tsara mana ita. Idan rake ya nuna, yakan dawo bayan la'asar da kara guda ɗaure a bayan babur. Sai ya karya shi biyu a gwiwa, ya miƙo mini gindin, shi ya riƙe kan.

"Ni kai nake so," yakan ce. "Gindin nan sai masu haƙoran kura irinki."

Nakan ce masa ai kurar ce ya zaɓa ya aura. Mu zauna a tabarma muna sha, kaji suna wasoson abin da muke tofarwa.

Ya rasu da damina, raken da ya dasa bai kai ƙugu ba. Tun ina cikin takaba muƙamuƙina ya fara ƙara, ƙas, duk lokacin da na buɗe baki. Daga baya hamma ma ta zama aiki. Wata safiya na kai lomar tuwo, baki ya ƙi buɗewa yadda za ta shiga. 'Yata ta fari, wadda ta dawo gidan don ta zauna da ni, ta ce ina cizon haƙora cikin barci kamar mai niƙa. Na ƙaryata ta, amma ta kai ni wurin likitan haƙori a Funtuwa.

Likitar ta sa yatsunta a gaban kunnuwana, ta ce in buɗe, in rufe. Ta ce mahaɗin muƙamuƙin ne ya gaji, kuma damuwa kan sa mutum ya daddage baki bai sani ba. Ta auna haƙorana, aka yi mini wata roba fara da zan riƙa sawa idan zan kwanta. Ta koya mini motsa baki: in ɗora harshe a sama bayan haƙora, in buɗe a hankali ina kallon madubi kada haɓar ta karkace, in gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Sannan ta shiga jera abin da ta hana ni, goro, aya, kilishi, gasasshiyar masara.

"Rake fa?" na ce.

"Hajiya, shi ne ma kan gaba."

Ban yi mata musu ba, amma raina ya ɓaci. Ƙanin maigidana ya riga ya gaya mini cewa idan ya sare raken bana zai nome wurin ya sa tumatir. Wannan shi ne rake na ƙarshe da hannun mijina ya taɓa, kuma ina so in sha shi da haƙorana kafin ya ƙare. Ban gaya wa kowa ba, don za a ce tsohuwa ta fara kwaɗayi.

Na ƙi jinin robar nan. Tana sa ni dalalar da yawu, magana ta fito kamar na cika baki da fura. Amma ban taɓa tsallake ta ba. Bayan kowace sallah in ɗauko madubi in zauna ina buɗe baki ina rufewa, kamar kadangare a kan katanga. Ƙanin mijin nawa ya taɓa iske ni a haka.

"Matar Yaya, wa ake yi wa gwalo?"

"Kai zan yi wa, in ka zo da tumatir ɗinka."

Ƙarar ta ragu. Loma ta fara shiga. Da na koma, likitar ta ce an samu sauƙi sosai, amma abu mai tauri da saura. Na gaya mata gaskiyar maganar raken. Ta ce in har dole ne, a fere mini shi da wuƙa, a yanka ƙanana, kuma in sha wajen kai don ya fi laushi.

Ranar sara ƙanin mijina ya kawo mini kara guda, ya jingina a bakin ɗaki ya fita ba wasa. Ban iya karyawa a gwiwa ba. 'Yata ta raba shi da wuƙa, ta fere kan, ta zuba mini a kwano. Na zauna a tabarma bayan la'asar, na sa guda a baki, na tauna a hankali ta ɓangarori biyu kamar yadda aka koya mini. Muƙamuƙin bai yi ƙara ba.

Ruwa ne kawai, lami, da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe. Na ɗauki wani, shi ma haka. Shekarun nan duka ban taɓa ɗanɗana kan rake ba, don ba a taɓa miƙo mini shi ba.

"Umma, ciwo yake yi?" 'yata ta tambaya, ganin hawaye.

Na girgiza kai. Na tura mata gindin, na ce ta sha, ni kai nake so.