Daren da Kulocin Baba Ya Yi Tauri

A tsohuwar unguwar Sharaɗa na tashi, a gidan da katangarsa ke kallon bayan masana'antu. Idan aka idar da sallar Isha'i, jiniyar canjin ma'aikata ta yi kuka ta yi shiru, sai mu taru a rumfar Iya, kakata ta wajen uba. Murhunta ba ya mutuwa da wuri. Da damina takan jera masara a gefen garwashi tana juyawa da yatsu, mu kuma muna kan tabarma muna jiran masarar da tatsuniya.

Mahaifina ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma doguwar magana da shi. "Mai babur" take ce masa, ko da yana tsaye a gabanta. Yana aiki a wani kamfanin takalman roba a Bompai, kullum sai ya ratsa gari kafin a rufe ƙofa.

Wata damina kulocin babur ɗinsa ya yi tauri. Sai ya damƙe hannun kulocin da dukan ƙarfinsa kafin giya ta shiga, a cunkoso kuwa babur ya riƙa mutuwa. Ya yi ta makara har shugaban sashensu ya ce idan ya ƙara, kada ya wahalar da kansa da zuwa. Bakanike ya taɓa, ya ce sai an buɗe inji, kuma sai babur ya kwana biyu a gareji. Baba ba shi da wannan sararin. Ya turo babur ɗin tsakar gida, ya kunna fitilar ƙwai, ya baje sufanu a kan buhu, zai buɗe injin da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ko mu yara mun fahimci cewa idan injin ya buɗu bai rufu kafin asuba ba, aikin ya tafi.

Iya ta dube shi ta wutsiyar ido, ta ci gaba da juya masararta.

"Ku matso," ta ce, "ga wata can tana tafe."

"Ta ƙaraso, Iya," muka amsa.

Wai wani mai lambu ne da rijiyarsa, igiyar gugansa ta kan wata gwafa take bi. Wata rana guga ya yi masa nauyi. Ya zargi damtsensa, ya ƙara cin tuwo, nauyi yana nan. Sai ya zargi rijiyar, ya ce ƙasanta ne ya lalace, ya ɗauki diga ya sauka zai farfasa. A can ya tarar da kwaɗo.

Iya ta kumbura kumatu, ta yi muryar kwaɗo: "Malam, ruwan nan yadda ka san shi haka yake. Kai dai me ka sake a sama?" Mai lambu ya ce bai sake komai ba, sai goran furarsa da ya fara ɗaurewa a gwafa. "To koma ka gaishe da goran," in ji kwaɗo.

Ƙanwata Ladidi ba ta yarda ba. "Iya, gora ai bai kai ya hana guga tahowa ba."

"Ji ta da baki kamar na kwaɗon. Ba nauyinsa ba ne, ɗaurinsa ne. Igiyar goran ce ta shaƙe ta gugan, duk ja sai ta goga."

Ta faɗi wannan da ƙarfin da ya ɗan wuce buƙatar kunnuwanmu. A tsakar gida ƙarar sufana ta tsaya.

Baba ya ɗauki fitila ya koma gaban babur. Tun farkon damina ya fara tafiya da kwanon abincinsa, yana ɗaure shi a gaban babur ɗin da wata roba da ya yanko daga tsohuwar taya. Ashe robar ta haɗa da wayar kuloci, ta lanƙwasa ta, ta matse, ruwan sama kuma ya riƙa shiga ta inda rigar wayar ta tsage. Ya kwance robar, ya cire wayar daga sama da ƙasa. Hannun kulocin ya motsa sakayau. Ya tura ɗan ƙarfen da ke jikin inji da sufana, ya tafi ya dawo lafiya. Da ya ja wayar ita kaɗai, sai ta cije tana gurza. Ya rataye ta a ƙusar ƙofa, ya yi mata mazurari da leda, ya zuba baƙin mai, yana ja yana sakewa har tsatsa ta gama zuba ta ƙasa. Ya mayar da ita ba tare da lanƙwasa ba, ya bar mata ɗan wasa a hannu. Da yatsa biyu ya matsa kulocin.

Ya wanke hannu, ya tsuguna a bakin rumfa, ya ɗauki masara. Mu ya tambaya: "Ya mai lambun ya ƙare?"

Mu Iya ta ba amsa: "Ku ce wa mai babur, mai lambun ya fito daga rijiya da digarsa bai fasa komai ba. Ku tashi, ta ƙare, barci ya karɓa."

Washegari ya isa Bompai ƙofa a buɗe. A kamfanin ya ci gaba da aiki har furfura ta fito masa.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin darasin gyara: a duba na kusa kafin a fasa na ciki. Sai da nawa ɗan farin ya zama magidanci na gane abin da ya fi wuya. Iya ba ta san inji ba, ta dai lura da ranar da kwanon ya hau babur da ranar da ƙorafi ya fara. Da ta faɗa masa kai tsaye a gaban 'ya'yansa, ina zaton da ya buɗe injin nan don kawai kada a ce an koya masa. Ni da na yi jami'a, ina ganin kuskuren ɗana sai in jera masa hujjoji, ya saurara cikin ladabi, ya tafi ya yi abin da ya yi niyya. Yanzu idan ya kawo mini jikokina, nakan zaunar da su kusa da inda yake, in fara ba su labari, in ɗan ɗaga murya.